Kalangu a Cikin Kwamfuta: Da Wane Kaya Za Mu Tace Waƙarmu?

Situdiyon waƙa a Damagaram, ko Maraɗi, ko Yamai, a yau bai wuce ɗaki guda ba: kwamfuta, fiyano, makirufo, da lasifika biyu idan Allah ya hore. Aikin da a da sai an tara na'urori cike da zaure kafin a yi shi, yanzu wasu ƙananan manhajoji ne ke yin sa, waɗanda ake cusawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa. Su ne masu sana'ar ke kira fulogin. Wannan yana rage kauri ko siranta a murya, wancan yana matse sauti don kada ya yi tsalle, wani kuma yana ƙara amsa-kuwwa. Tun da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, ƙofa ta buɗe wa kowa ya ƙera nasa, har yanzu sun kai dubbai.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai zancen injiniyoyi ne, me ya kawo shi shafin al'adu? Abin da ya kawo shi shi ne, kusan duk waƙar Hausa da za ta shiga kunnen yaranmu a bana sai ta ratsa ta cikin waɗannan manhajoji. Wanda ya zaɓe su, shi ya zaɓa mana yadda muryar Bahaushe za ta fito. Ra'ayina kuwa shi ne, yawancin masu situdiyonmu suna zaɓe da ido ne, ba da kunne ba. Sun ga wani a YouTube ya jera fulogin goma sha biyu a kan murya ɗaya, su ma sai sun jera.

Mu fara da wanda ya fi kowanne shiga jininmu, wato Auto-Tune. Andy Hildebrand ne ya ƙirƙiro shi, injiniyan da ya yi aiki a fagen binciken man fetur ta hanyar sauraron amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kamfanin Antares ya fitar da shi a 1997. An yi shi ne don gyara ɗan kaucewar murya a ɓoye. Sai ga waƙar "Believe" ta Cher a 1998 ta nuna abin da ke faruwa idan aka murɗa saurin gyaran har ƙarshe: murya ta koma tamkar ta ƙarfe, tana hawa da sauka kamar mai taka matakala. Mawaƙan fina-finan Kano suka rungumi wannan amo har ya zama tambarinsu. Ba na cikin masu tsine masa. A Sakkwato ne Mdou Moctar, ɗan Buzayen Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna "Anar" a 2008, da wannan murya ta situdiyon Hausa, kuma waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara kafin duniya ta san sunansa. Abin da ya yi wannan tafiya ba za a ce masa baƙo ba kuma. Ya zama ɗan gida.

To amma ɗan gida ma ana yi masa tarbiyya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Bambancin "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala yana cikin hawa da saukar murya ne. Haka "kai" da ake ce wa mutum da "kai" da ake sa wa hula, na biyun yana da karin da ke farawa sama ya gangaro ƙasa a cikin gaɓa guda. Gaskiya ne mawaƙi ba ya bin karin magana sau da ƙafa, yana da 'yancinsa. Sai dai wannan gangarowa, da jan wasali, da 'yar rawar da murya ke yi kafin ta zauna, su ne gishirin rerawarmu. Manhajar gyaran murya kuwa, idan aka bar ta a yadda ta zo, ma'auninta shi ne amo goma sha biyu na fiyanon Turawa, duk abin da ya faɗo tsakanin biyu sai ta ja shi da ƙarfi zuwa mafi kusa. A saurari Shata a kan kalangu, ko Ɗanƙwairo a kan kotso, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ko Malam Mamman Barka da gurminsa, za a ji cewa daɗin yana zaune ne a daidai wuraren da manhajar za ta kira kuskure. Goge da algaita ma haka suke, ba su san matakala ba, gangara suka sani.

Saboda haka tambayar da ta kamata mai situdiyo ya yi wa kowace manhajar gyaran murya ita ce: shin za ta bar ni in ce mata nan ki taɓa, nan ki ƙyale? Melodyne, na kamfanin Celemony da ke Munich, yana shimfiɗa wa mutum kowane amo a gabansa ya gyara wanda ya kauce da hannu, ya bar sauran. NewTone da ke tare da FL Studio yana yin aiki makamancin haka. Shi kansa Auto-Tune yana ba da damar a rage saurin gyara, a kuma cire wasu amo daga ma'aunin. Kayan suna da sassauci. Hannun da ke riƙe da su ne ke gaggawa, domin mawaƙa biyar na zaune a benci suna jiran layi, ga kuma fargabar ɗauke wuta. Wannan uzuri ne na gaske, na sani. Amma waƙar soyayya ta fim daban, waƙar yabon sarki daban, begen Annabi daban, kuma bai dace saiti guda ya share su duka ba, kamar tela mai ɗinka wa dukan gari riga da awo ɗaya.

Batu na biyu shi ne na matse sauti. Kwamfuresa aikinta ta sassauta wurin da ya yi ƙara, don a samu damar ɗaga wurin da ya yi sanyi. Tana da amfani ƙwarai ga muryar da ke kusantar makirufo tana ja da baya. Amma kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata amo ya hau, ya saki ya sauka, ya buga da ƙarfi a nan, ya shafa a can. Idan aka ɗauko shiryayyen saitin da aka tsara domin gangunan Amurka aka ɗora masa, bugun zai fito da ƙarfi, maganar kuwa ta mutu. Ƙwaryar amada irin ta Barmani Coge ma haka. Babu wani kamfani a Turai da ya zauna ya auna saitinsa da ƙwarya a kife cikin ruwa, don haka sunan da aka rubuta a jikin saiti ba hujja ba ce a wurinmu. Haka nan tseren ƙara da ake yi, kowa na son tasa waƙar ta danne ta maƙwabci, ya rage amfani: Spotify da YouTube suna rage ƙarar waƙar da ta wuce ma'auninsu, sai mai ita ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce kowa ke kauce wa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawan fulogin da ke cikin kwamfutocinmu fasassu ne, an kwafo su daga filashin aboki. Dalili a fili yake: farashin da dala ake faɗin sa, mu kuma da sefa ko naira muke ciniki, ga wahalar samun katin biya ta intanet. Ba wa'azi zan yi ba, lissafi zan yi. Fasasshiyar manhaja takan zo da ƙwayar cuta, takan kuma tsaya cak ana tsakar aiki. Mafi muni, ranar da kwamfutar ta mutu aka sayi wata, aikin da aka haɗa da fulogin talatin ba zai buɗe yadda yake ba sai an sake samo talatin ɗin. Waƙoƙi nawa ne na shekaru goma da suka wuce ba za a iya sake tace su ba saboda wannan? Ko mai saye da halalinsa ma sai ya yi hattara da tsarin haya: a watan Maris na 2023 kamfanin Waves ya sanar da daina sayar da fulogin ɗinsa sai dai biyan wata-wata, sai da masu amfani suka yi ca a kansa ya janye cikin 'yan kwanaki.

Alhali kuwa abin da ake nema yana cikin gida. FL Studio, na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wanda shi ne jakin mafi yawan situdiyonmu, yana zuwa da nasa Parametric EQ 2, da Fruity Limiter, da Reeverb 2, kuma wanda ya saye shi sau ɗaya ba ya sake biyan kuɗin sabuntawa. Lasisin Reaper na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. TDR Nova kyauta yake, Valhalla Supermassive ma haka. Mai daidaita amo ɗaya, mai matsewa ɗaya, mai amsa-kuwwa ɗaya, mai gyaran murya ɗaya, idan mutum ya san halinsu kamar yadda maƙeri ya san gudumarsa, sun ishe shi fitar da kundi. Kuɗin da ya rage gara a kashe shi a kan makirufo mai kyau da labule masu kauri a bango, domin amon da ɗakin siminti ya ɓata, babu fulogin da zai wanke shi tas. A nan ma amsa-kuwwa ta yi mana yawa. Sau da dama an zuba ta ne don a rufe aibin ɗauka, sai baitin da mawaƙi ya kwana yana saƙawa ya nutse ba a jin harafinsa.

Gwaji na ƙarshe kuwa ba a situdiyo ake yin sa ba. Mai saurarenmu yana kan kabu-kabu ne, ko a rumfar mai shayi, ko a tsakar gida tana daka, wayar na ajiye a bakin turmi. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da amon ƙasa mai kauri, kuma sau da yawa waƙar ta riga ta sha matsa kafin ta iso. Kafin a amince da kowane sabon fulogin, a tace baiti ɗaya da shi, a tace wani ba tare da shi ba, a daidaita ƙararsu, a tura su cikin waya mai araha, a miƙa wa dattijon da ya saba jin Narambaɗa a rediyo ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba, a tambaye shi a wanne ya fi jin abin da mawaƙin ke faɗa.