Mai Mulmula Ƙarfe Ba Bawa Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, ku tambayi yaro a Sabon Birni ko Isa abin da yake so ya zama. Zai ce likita, ko soja, ko kwastan. Ba za ku ji wanda ya ce mai aikin injin mulmula ƙarfe ba, alhali ƙasar Gobir ba ta taɓa rasa maƙera ba. Yaron ba shi da laifi, ya ga yadda aka yi da magabatansa ne.

A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta buɗe Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina, wanda kamfanin Kobe na Jafan ya gina domin ya fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Aka yi irinsa a Jos da Oshogbo. Dukkansu an rataya su a kan ɗanyen ƙarfen Aladja, wanda bai taɓa isarsu ba, Ajaokuta kuwa ba a kammala ta ba. Injuna suka yi shiru, aka sallami ƙwararru, a zamanin Obasanjo aka sayar da kamfanonin ga 'yan kasuwa.

Ku dubi ma'aikacin nan. Yana yini gaban ƙarfen da ya yi jajawur, zafinsa ya haura digiri 1,000, kuskure ɗaya ya isa ya raba shi da hannu. Duk da haka sau da yawa a matsayin lebura ake ɗaukarsa, ko da yake Dokar Ƙwadago ta wajabta ba shi takardar aiki cikin wata uku. Mafi ƙarancin albashi na 1981, naira 125, ya kai dala 200. Na 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba, bai kuma sayi buhun shinkafa ba. In ya yi karatu har ya sami babbar difloma, ya tarar an daɗe ana tokare masu ita a mataki na 14 a aikin gwamnati, mai digiri yana wucewa.

To, saurayin Gobir da 'yan bindiga suka hana shi noma, ina zai nufa? Jari-bola, ya tsinto ƙarfen da wasu za su narka su sayar mana.

Mu da gobe za mu zauna a ofisoshi, mu ne za mu sa hannu a takardun nan. Mu nemi a ba mai mulmula ƙarfe aiki na dindindin, da alawus na haɗari, da matakin girma har shugabancin sashe. A kuma horar da 'ya'yan maƙera a makarantun fasaha na Jihar Sakkwato. In mun yi shiru yau, gobe da hannunmu za a cuce shi.