Maganin Sauro A Zanen Goyo: Albishir Da Gargaɗi

Yau zancenmu a kan sauro ne, da wani labari da ya fito daga ƙasar Uganda a shekarar 2025, wanda ya shafi duk wata mai goyo.

Kowa ya san amfanin gidan sauro, amma sai an kwanta yake aiki. To, daga magariba zuwa lokacin barci fa? A lokacin ne uwargida take tsakar gida tana tuƙa tuwo da ɗa a baya, 'yan makarantar kwana kuma suna aji wajen karatun dare. Ko da yake sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi cizo in dare ya yi nisa, akwai wanda ba ya jiran a shiga ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum wajen 597,000, kusan kashi 31 cikin ɗari a Nijeriya, kuma akasarinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Wannan giɓi na kafin barci shi wasu likitoci suka so toshewa a gundumar Kasese ta Uganda, inda mata ke goyo da zane kamar yadda muke yi. Suka samu mata 400 masu yara 'yan wata 6 zuwa 18. Rabinsu aka jiƙa musu zanen goyo da wani magani mai suna fametirin, sauran kuwa da ruwa zalla. Kowacce aka ba ta gidan sauro, ana sake jiƙa zannuwan bayan kowane mako huɗu har mako 24. Da aka ƙirga, sai aka ga zazzaɓi ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku a wurin yaran da zanensu ke da magani. An ɗan fi samun ƙananan ƙuraje a jikinsu, amma ba masu tsanani ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1999 an ba da rahoton irin wannan gwaji a sansanin 'yan gudun hijirar Afganistan da ke Pakistan, inda aka sa maganin a mayafai da zannuwan rufa, zazzaɓi ya ragu a wurin yara. Sojojin Amurka ma sun daɗe suna sa kaki mai wannan magani. Farar hularsu masu shiga daji kuwa sukan fesa shi a wando da safa da takalmi da tanti saboda sauro da kaska. Wanda suke fesawa mai sauƙin ƙarfi ne, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ana rataye tufa a waje, a fesa har ta yi danshi, a bar ta ta bushe sarai a inuwa. Yakan kai wanki shida ko mako shida. Ba a sa shi a fata ko a kayan ciki, kuma yana da ɗanye yana kashe kyanwa da kifi.

Ga inda gizo ke saƙar: kuɗi. Ko a Amurka masu ƙaramin ƙarfi sukan sayi mai ƙarfi wanda aka yi don dabbobi su sirka da ruwa, abin da hukuma ba ta yarda da shi ba, domin sau da yawa akwai wani mai a ciki da ke ƙona fata. Mu kuwa haɗarinmu ya fi nasu. Wata za ta ji wannan labari ta ce ai ga fiya-fiya nan a bakin kasuwa da arha, ta yayyafa a zanen goyo ko a kayan makarantar 'yarta. Don Allah kada a fara! Abin da aka fi samu a fiya-fiya shi ne dikulobos, gubar da ake kashe ƙwarin gona da ita. Tana ratsa fata ta shiga jiki, balle fatar jariri wadda ke manne da zane yini guda cikin gumi. Saboda ɓarnarta ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta na gona a kasuwanni da kantuna a 2019. In tsautsayi ya sa ta taɓa yaro, aka ga yana dalalar da miyau, ko amai, ko numfashi da ƙyar, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ba shi manja ko madara. Garin neman ƙiba kada mu samo rama.

To, me mai ƙaramin ƙarfi za ta yi? Wadda ta samu na tufafi na gaskiya, ta duba ta ga an rubuta Permethrin 0.5% da lambar NAFDAC. Ba sai ta fesa wa kayan akwati duka ba. Ta ware kaɗan waɗanda ake sawa da yamma: mayafi ɗaya, safa, dogon wandon yaro, da labulen ƙofa. A rage yawan wanke su, a shanya su a inuwa, kwalba ɗaya sai ta daɗe. Zanen jariri kuwa a dakata tukuna, domin na Uganda ma'aikatan lafiya ne suka auna suka jiƙa, suna kuma duba yaran.

Wadda ba ta samu ba, kada ta damu. Riga mai dogon hannu, mai yalwa, da safa ba sa cin ko kwabo in akwai su a gida. Man shafawa mai ɗauke da DEET yana korar sauro, amma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ko tafin hannun yaro, don zai kai baki da ido. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa tafiya karatun dare da safa da mayafi. Fiye da kome, kada a jingine gidan sauro, kada kuma a ƙi karɓar maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Duk wannan ƙari ne a kansu.

Sauran magana tana ga hukuma. A da, kafin a kawo gidajen sauro masu daɗewa da magani, ai jiƙa su ake yi lokaci-lokaci. Me zai hana ma'aikatun lafiya da jami'o'inmu na Zariya da Kano su gwada zanen goyo a nan, tun da sauronmu ya fara jure wa irin waɗannan magunguna? In ya yi, sai a riƙa jiƙa wa iyaye a asibiti ranar rigakafi, da ma'auni, a hannun wanda ya sani. Ƙungiyoyin mata su tashi su nemi wannan, domin in hukuma ta yi shiru, mai fiya-fiya ne zai yi magana.

Allah ya raya mana zuri'a.