Ba a Raba Ƙwaƙwalwar Yaro Gida Biyu

Wani bidiyo ya zagaya wayoyi har ya iso Tasawa da Mayahi: yara suna karkaɗa yatsu a iska, ana jero musu lambobi, suna faɗin jimla kafin mai na'ura ya gama dannawa. Bayanin da ke biye da shi kullum ɗaya ne. Wai lakwal ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa kaɗai take ciyarwa, wannan horo kuwa yana tada ɓangaren dama da ke barci, sai yaro ya zama haziƙi a komai. Iyaye da malamai da yawa sun gaskata. Ni kuwa na ce talla ce kawai.

Zancen yana da tushe, amma an karkata shi. Roger Sperry ya sami kyautar Nobel a 1981 saboda bincikensa a kan masu farfaɗiya mai tsanani, waɗanda likitoci suka yanke musu jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin biyu. A nan aka ga kowane ɓangare yana da aikin da ya fi ƙwarewa a kai. To, ɗanka lafiyayye ba a yanke masa komai ba, ɓangarorinsa suna aika wa juna saƙo dare da rana. A 2013 masana a Jami'ar Utah ta Amurka suka duba hoton ƙwaƙwalwar mutum fiye da 1,000, ba su ga alamar mutane sun kasu zuwa ƴan hagu da ƴan dama ba.

Shi horon fa? Kamfanoni irin su UCMAS, wanda aka kafa a Malesiya a 1993, suna koya wa yaro allon ƙidaya mai duwatsu, har ya riƙa ganinsa a zuci. An gwada dabarar a Vadodara ta Indiya, aka bi yara 204 tsawon shekara 3, David Barner da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a 2016. Yaran sun fi takwarorinsu iya lissafi, wannan gaskiya ne. Amma sauran ƙarfin tunaninsu bai canza ba. Wanda ya koyi lissafin ka, lissafin ka ya iya. Wannan riba ce babba, ba ta buƙatar a yi mata ado da ƙarya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, muna hangen na nesa muna raina na hannunmu. Yarinya mai tallan ƙosai a tashar Tasawa, a sayi na dala talatin da biyar a miƙa mata dala ɗari, nan take za ta mayar da canjin dala sittin da biyar. Gobe mushe ya rubuta 500 a cire 175, ya tambaya da Faransanci, ta sunkuyar da kai, a ce ba ta da kai. Alhali lissafin jiya ne! Yaron karkarar Mayahi ya san tiya nawa ke cika buhu, ya san a dami arba'in na gero huɗu ne zakka. Wa ya tada musu ɓangaren dama?

Binciken PASEC na 2014 ya nuna a Nijar, cikin yara goma masu gama firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake so a lissafi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: harshen da yaro bai ji, aji na zana cike maƙil, rashin littafi, zuwa lakwal da ciki wayam. Babu ɗayansu da karkaɗa yatsu zai magance.

Tun 1973 aka fara gwada karantarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana ta harshen ƙasa. Don haka malamai ba su da dalilin jin nauyi. A ware minti goma kowace safiya a yi lissafin baki da Hausa, da dala da jika da tiya, sannan a juya shi zuwa lambobin allo. In yaro ya ba da amsa, a tambaye shi: yaya aka yi ka samu? Akwai wata hanya? Wannan tambaya ita ke koya tunani, domin tana sa yaro ya kafa hujja.

Iyaye kuma, duk wanda ya zo neman kuɗinku da sunan tada rabin ƙwaƙwalwa, ku ce ya kawo shaida. In babu, ku saya wa yaro littafi, ku tabbata ya karya kumallo kafin ya fita.