Koyon Aikin Koyarwa: Wa Ke Biya, Wa Ke Amfana?

Ba a ba kowa takardar shaidar malanta ta NCE a Nijeriya sai ya fita koyon aikin koyarwa, abin da ɗalibai ke kira TP. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ta gindaya wannan sharaɗi. Ta ware masa zangon farko na shekara ta uku, ta kuma ce ba mai fita sai ya ci darasin gwajin koyarwa da ake yi a cikin kwaleji. A kan takarda tsarin ba shi da makusa. Ɗalibi zai zauna a hannun gogaggen malami, ya ga yadda ake riƙe aji, ya gwada da kansa, malaman kwalejinsa su riƙa zuwa suna gyara masa. Ba wanda zai ce a miƙa wa mutum yara alhali bai taɓa tsayawa gaban allo ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne nawa wannan zango yake ci, daga aljihun wa, kuma me ake samu a madadinsa.

Ƙaramar hukumar Garun Mallam da ke jihar Kano wuri ne da ya dace a buga wannan lissafi. Ita da Kura da Bunkure su ne cibiyar shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A nan ƙasa ba ta hutu: a girbe shinkafa, a shuka alkama, a dasa tumatir da albasa, motoci su yi layi a kasuwar Kwanar Gafan. Inda kowace rana take da farashinta, ba a cewa wata uku ko huɗu na rayuwar saurayi kyauta ne.

Abu na farko a jerin shi ne kuɗin mota. Ɗan wani gari na wannan yanki, kamar Chiromawa ko Kadawa, da ke karatu a kwalejin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso, ko a Bichi, ko a cikin birnin Kano, ba lallai ne a tura shi makarantar garinsu ba, domin kwalejoji sun fi son wuraren da malamansu za su iya kaiwa cikin sauƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin haya kuma ya bi ta. Mu ƙaddara zuwa da dawowa naira 2,000 ne a rana, ƙaddarawa ce kawai don sauƙin lissafi. Kwana biyar a mako, mako goma sha biyu, an tashi da naira 120,000, tun ba a sayi ko ƙosai ba. Wanda ya guje wa wannan sai ya kama ɗaki kusa da makarantar, mai gida kuwa ba ya bayar da haya don Allah.

Na biyu, kayan aiki. Ana ba ɗalibi maki a kan kayan taimakon koyarwa, amma kwali da maka da babban littafin tsara darasi duk shi zai saya. A wasu makarantun har alli. Ana kuma buƙatar ya fito da shiga ta kamala kullum, wato ɗinki da wanki da guga. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, amma idan suka taru sukan tashi da jarin ƙaramar sana'a.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma ba ya fitowa a kowace takarda: abin da ɗalibi ya bari don ya tsaya a aji. A tsarin NCCE zangon yana kamawa ne daga wajen Satumba, daidai lokacin da shinkafar damina ke nuna, ana shirin renon tumatir da gyaran kwamin alkama. Da yawa daga cikin samarin wannan yanki da ƙwadagon gona ko da 'yar gayaunarsu suke biyan kuɗin rajista. A lokacin karatu na yau da kullum mutum yana iya dabara, ya shiga lacca yau, gobe ya leƙa gona. TP ba ta yarda da wannan ba, domin akwai rajistar sa hannu safe da rana, kuma ba a san ranar da mai dubawa zai faɗo ba. Dole uba ya ɗauki ɗan ƙwadago a gurbin ɗansa, ko ban-ruwa ya wuce gonar. Ga ɗaliba mai aure kuwa, lissafin ya haɗa da mai riƙe mata goyo da mai dafa abincin rana, nauyin da yakan faɗa kan uwa ko ƙanwa, wadda ita ma wataƙila makarantar take fashi.

Na huɗu, su yaran da ake gwaji a kansu. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, da bakinsa ya ce yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi a jihar Kano, kuma akwai makarantu kusan 400 da malami ɗaya ne ke riƙe da su. A irin wannan makaranta wa zai zama gogaggen malamin da zai zauna a bayan aji yana lura? Hedimasta da ke fama da ƙarancin hannu, idan ya ga 'yan TP, ba ɗalibai yake gani ba, agaji yake gani. Sai a damƙa wa wanda ya karanta Hausa da Nazarin Zamantakewa darasin Lissafi, saboda ba mai yi. Wani malamin dindindin kuma ya ɗauki zuwansu a matsayin hutun da zai je ya duba tumatirinsa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, sabon shiga kuwa yakan tarar da ninkin haka. Abin da zai koya a wurin shi ne tsawa da riƙe bulala da cika allo da rubutu. Idan zango ya ƙare ya tafi, yaran su koma jiran wani baƙon.

Na biyar, dubawa da maki. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, yana ware wa kwalejojin ilimi na gwamnati kuɗin koyon aikin koyarwa, amma alawus ne na malaman da ke zuwa dubawa, ba na ɗaliban da ke tsaye a aji ba. Duk da haka mai dubawa guda yakan ɗauko jerin sunaye masu yawa a makarantu da ke warwatse, wasu a bakin titin Kano zuwa Zariya, wasu sai an bi gefen kanal a kan babur. Abin da yakan iya shi ne ya zauna 'yan mintuna, ya duba littafin tsara darasi, ya rubuta maki. Ɗalibai sun gane haka, don haka sukan tanadi darasi guda mai kyau da kwali mai launi su adana domin ranar. Makin da ya fito ta wannan hanya yana auna iya shirya wa baƙo ne, ba iya koyar da yaro karatu ba. Ga kuma rikicin kalanda. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, na kwalejojin ilimi ma sun yi nasu. Duk sanda aka samu irin haka sai zangon kwaleji ya saɓa da na firamare da sakandare, makonnin koyo su faɗa cikin jarrabawa ko hutu, amma kuɗin hayar ɗaki ba ya raguwa.

To ina alƙawuran? A Ranar Malamai ta Duniya ta 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi shelar sabon tsarin albashin malamai, da tallafi ga masu karatun malanta, da ɗora wa TETFund nauyin koyon aikin koyarwa. Bayan shekara guda aka ambaci adadi: naira 75,000 kowane zango ga ɗaliban digirin ilimi, 50,000 ga na NCE. Ko da a ce kowa ya karɓa, a ɗora 50,000 a kan lissafin motar da muka buga a sama a ga ratar. Likitan da ke shekarar sanin makamar aiki albashi yake ɗauka. Mai yi wa ƙasa hidima yana karɓar naira 77,000 a wata tun 2025. Ɗalibin kimiyya da ke fita koyon aiki a masana'antu ma akwai ɗan abin da asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya tanadar masa, komai ƙanƙantarsa. Ɗalibin malanta ne yake cike gurbin ma'aikaci da kuɗin aljihunsa.

Ba haka muka gada ba. A zamanin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976, ɗaliban kwalejojin horon malamai irin ta Wudil da ta mata da ke Kano a makaranta suke kwana, gwamnati ke ciyar da su, aiki kuma yana jiransu. Ghana ta soke alawus ɗin ɗaliban malanta, ta ga abin da ya biyo baya, ta dawo da shi a 2017. Ostareliya ta fara biyan mabuƙata daga cikin ɗaliban malanta da na jinya kuɗin mako a lokacin koyon aiki daga Yulin 2025. A Finlan jami'o'i suna da makarantunsu na gwaji, inda horar da sabon malami yake cikin aikin da ake biyan tsohon malami dominsa.

Adalci ne a faɗi abin da ke ɓangaren riba. Ɗalibi yana zubar da tsoron aji. Wani a nan yake gane cewa koyarwa ce sana'arsa, wani ya gane ba ita ba ce. Wanda ya yi sa'ar hedimasta nagari yakan koyi abin da shekara biyu ta lacca ba ta ba shi ba. Makarantun ƙauye ma suna samun sauƙi na ɗan lokaci. Amma duk wannan ya rataya ne a kan sa'a, hasarar kuwa tabbas ce. Bayan an gama akwai jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN da kuɗinta, sannan zaman jiran ɗaukar aiki, ko wata makarantar kuɗi da ba ta biyan mafi ƙarancin albashin jihar na naira 71,000. Ba abin mamaki ba ne saurayin wannan yanki ya gwada wannan da ribar kwandon tumatir a shekara mai kyau, ya zaɓi fartanya.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A tura ɗalibi makarantar da ke mazaɓarsa, a haɗa na yanki guda a hannun mai dubawa guda, kuɗin mota ya ragu ga kowa. Kada a kai ɗan koyo inda babu malamin darasinsa, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su rubuta sunan malamin da zai riƙe shi, a ba wannan malami ɗan alawus da kaso a cikin makin. A fitar da wani abu daga kuɗin TETFund da na dokar ta-ɓaci ya shiga asusun ɗalibi kai tsaye kowane wata. Kwali da alli kuma su zama nauyin makaranta.

Muddin ba a yi haka ba, a daina kiran zangon nan horo. Aikin cike gurbi ne da 'ya'yan manoma ke yi wa gwamnati kyauta, iyayensu suna biya, ƙannensu da ke aji suna ɗaukar ragowar hasarar.