Salula da farashin hatsi: abin da bincike ya gano a kasuwannin Nijar

Kowace shekara, idan bazara ta wuce, damina ta kankama, rumbuna suka yi ƙasa, magana ɗaya ce a bakin jama'a tun daga Tawa har Damagaram: nawa tiyar hatsi ta kai a kasuwa? Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da ya sa buhu ɗaya, na hatsi iri ɗaya, a mako ɗaya, yake da farashi dabam-dabam a kasuwanni biyu na ƙasa guda. Masu ilimin tsimi da tanadi sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya a ƙasashe masu tasowa, kuma ɗaya daga cikin binciken da ya fi shahara a kanta a nan Nijar aka yi shi.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Idan hatsi ya yi araha a Tasawa ya yi tsada a Tanut, ɗan kasuwa zai saya a nan ya kai can, wani ma ya bi sawunsa, har ratar da ke tsakanin farashin biyu ta dawo daidai da kuɗin mota, da na ƴan dako, da ƴar ribar da ta kamata. Idan kuwa ratar ta zarce haka ta kuma daɗe, to akwai abin da ya tsaya a tsakani: ko hanya ba ta biyuwa, ko babu jari, ko kuma labari bai isa ba. Na ƙarshen nan shi aka fi rainawa, alhali kuwa yana da tsada. Kasuwannin karkara mako-mako suke ci. Kafin shekara ta 2001, wayar tarho ta gida ba ta wuce 2 ga mutum 1000 ba a ƙasar nan, saboda haka mai son sanin farashin wata kasuwa sai ya hau mota ya je da kansa, ko ya aiki yaro, ko ya jira direban da ya fito daga can. Ma'aikatar SIMA, wadda ke tattara farashin cimaka, tana bayar da shi a rediyo, amma farashin makon jiya bai cika amfanin mai son cika mota yau ba.

A shekara ta 2001 salula ta shigo, kamfanonin Celtel, Sahelcom da Telecel suka riƙa kafa eriya gari bayan gari. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta lura cewa wannan shigowa ta kaɗan-kaɗan ta ba da damar aunawa. Tun da yake ba rana ɗaya layi ya iso ko'ina ba, ana iya duba kasuwanni biyu kafin su samu layi da bayan sun samu, sannan a gwada su da wasu biyun da har lokacin ba su samu ba. Ta ɗauki farashin wata-wata na SIMA daga 1999 zuwa 2006, ta kuma zaga kasuwanni ta yi hira da ɗaruruwan ƴan kasuwa, ta cire abin da fari, da kuɗin man mota, da nisan hanya suka jawo. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa salula ta rage ratar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Neman labari da waya ya koma wajen rabin abin da tafiya take ci.

Wani abin lura shi ne inda ragin ya fi yawa: kasuwannin da suka fi nisa da juna, da waɗanda hanyar burji ce ta haɗa su ba kwalta ba. Kada a ɗauka wannan yana nufin waya ta maye gurbin hanya. Abin da ya nuna shi ne, inda tafiya ta fi wuya nan jahilcin farashi ya fi yawa, nan kuma waya ta tarar da babban giɓi. Hatsi dai ba ya bin iska. Bayan an gama magana sai an ɗora buhu a mota, motar kuma ta bi hanyar da take akwai, da ramukanta da shingayenta. A jahar Kerala ta Indiya, inda Robert Jensen ya yi irin wannan bincike kan masunta tsakanin 1997 da 2001, amfanin ya fito fili da sauri: kifin da ake zubarwa don rashin mai saye ya ƙare, ribar masunta ta ƙaru da kashi 8, farashi ga mai saye ya sauka da kashi 4. Amma masunci yana cikin jirginsa ne a teku, yana iya juya kai zuwa gaɓar da ya ga dama. Manomin Dakoro da amalankensa ba shi da wannan zaɓi.

Nan ne maganar ta fi shafar talaka. Binciken da Aker ta yi tare da Marcel Fafchamps kan farashin da ake biyan manoma ya gano cewa ratar ta ragu da kashi 6 cikin 100 ga wake kawai. Ga hatsi da dawa ba a ga canji ba, kuma matsakaicin kuɗin da manomi ke karɓa bai ƙaru ba. Dalilin da suka bayar shi ne wake ba ya jure ajiya, ƙwari na cinye shi, don haka labarin farashi na nan take yana da daraja a kansa. Hatsi kuwa yana iya shekara a rumbu. Akwai kuma abin da kowane mazaunin karkara ya sani ba sai an gaya masa ba. Manomi ba don bai san farashin bazara ba yake sayarwa da kaka. Bashi ne ke biye da shi, da biki, da magani, da tufafin yara. Sanin cewa buhu zai yi tsada bayan wata shida ba ya biyan bashin yau. Shi ya sa tsarin jinginar amfanin gona, wanda hukumar FAO ta taimaka aka fara a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1990, inda ƙungiyar manoma ke kulle amfaninta a sito ta karɓi rance sai farashi ya tashi ta sayar, ya fi kusa da ainihin ciwon. Magabatan da ke tsara ayyukan raya karkara ya dace su riƙa haɗa biyun, maimakon su ɗauka raba lambar waya ya wadatar.

Shekara ta 2005 tana cikin shekarun da binciken ya ƙunsa, kuma ta nuna iyakar abin. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, amma abin da ya fi jikkata jama'a shi ne tsada: a tsakiyar damina buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda ake kira rumbun ƙasa, su ne suka fi yawan yara masu tamowa. A shekarun da aka saba, idan cimaka ta yi ƙaranci a Nijar, daga arewacin Najeriya ake cike giɓin, musamman kasuwar Dawanau ta Kano. A waccan shekara farashin can ma ya hau, sai shigowar ta ragu. Ƴan kasuwa sun san farashi sarai, sanin ne ma ya sa hatsi ya nufi inda kuɗi yake. Kasuwar da ke aiki da kyau tana kai kaya ga mai iya saye. Wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba ya cikin lissafinta. Wannan aikin OPVN ne, wadda aka kafa a 1970, da bankunan cimaka na ƙauyuka.

Iyaka ma an auna ta. Binciken da aka buga a 2014 kan hatsi da wake ya gano cewa farashi yana canzawa da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 tsakanin kasuwannin da ke dab da juna a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Najeriya, amma canjin ya fi ƙanƙanta inda mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya. A cikin gida kuma, tsakanin yankin da ake jin Hausa da wanda ake jin Zabarmanci, an ga rata mai kama da ta iyakar ƙasa, ba tare da duwan ko shinge ba. Masu binciken sun danganta haka da wuyar ciniki da wanda ba a jin harshensa, da kuma bashi, domin fataucin hatsi a kan amana yake tafiya. An yi wannan awo ne lokacin da iyaka take buɗe. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa da takunkumin CEDEAO na 2023 har farkon 2024.

Ga ɗaliban yaƙi da jahilci akwai labarin da ya shafe su kai tsaye. A 2009 da 2010, cikin ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS ta buɗe azuzuwan manya da Hausa da Zabarmanci. A wajen rabin ƙauyukan, waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a, an ƙara koya wa ɗalibai amfani da salula: gane lambobi da haruffa a kan madannai, da rubuta gajeren saƙo. Waɗannan sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma fifikon da suka samu a lissafi bai ɓace ba watanni bayan rufe aji. Matsalar yaƙi da jahilci tun shekarun 1960 ita ce mantuwa, domin wanda ya koyi karatu a ƙauyen da babu jarida babu littafi ba shi da abin karantawa. Saƙo ya fi kira araha, sai karatun ya zama hanyar tsimin kuɗi.

A yunwar 2010 ƙungiyar Concern ta raba jika 22 kowane wata, har wata biyar, ga iyalai a ƙauyuka 96 na jahar Tawa, wasu a hannu, wasu ta hanyar Zap ta kamfanin Zain. Matan da suka karɓa ta waya ba su yi doguwar tafiya da jiran layi ba, abincin gidajensu ya fi bambanta, yaransu sun fi samun ci. Duk da haka aika kuɗi ta salula bai yaɗu a Nijar ba kamar yadda M-Pesa ta yaɗu a Kenya tun 2007. Wakilan da za su ba da tsabar kuɗi sun yi ƙaranci a ƙauyuka, ƴan ci-rani kuma suka ci gaba da aiko da nasu ta hannun direbobi da kamfanoni irin su Al Izza, NITA da BNIF Afuwa.