Makiyayi Mai Neman Zama Ɗan Ƙasa, Kada Ka Cike Giɓi Da Ƙarya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne, kwanan baya wani dattijo ya same ni da buhun takardu, yana son ya nemi zama ɗan ƙasar Gana bayan ya shekara fiye da ashirin yana kiwo a cikinta. Da aka tambaye shi ranakun da ya fita ƙasar da ranakun da ya dawo sai ya yi shiru, domin shanunsa ta burtali suke bi, kuma babu mai buga hatimi a daji. Wani ɗan tsakani ya ce masa ya kawo kuɗi a rubuta cewa bai taɓa fita ba. Na ce masa, Baba, kul!

Da farko mu bambance abu biyu. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Irin wannan ba roƙo zai yi ba, shaida kawai zai kawo. Maganata a yau da wanda ya shigo daga wata ƙasa ya zauna take.

Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000, mai lamba 591, ta ce mai nema ya zauna a Gana wata 12 a jere kafin ranar da ya miƙa takardarsa, kuma a cikin shekara 7 da suka gabaci wannan, idan aka tattara zamansa ya kai shekara 5. Ku lura, cewa aka yi a tattara. Ke nan doka ta bar maka wata 24 na tafiya. Wanda yake ƙetarawa Togo ko Burkina wata 3 kowane rani, a shekara 7 ya yi wata 21, yana nan cikin ƙa'ida. Wanda yake yin wata 4 kuwa ya yi 28, ya zarce, sai ya rage tafiya ya jira lissafinsa ya daidaita. To, me zai sa mutumin da gaskiyarsa ta ishe shi ya je sayen ƙarya?

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi wannan tsarin mulki ya ba Babbar Kotu ikon ƙwace zama ɗan ƙasa daga wanda ya same shi ta hanyar zamba ko faɗin abin da ba haka yake ba. Ranar da aka tono, ɗan tsakanin ya riga ya cinye kuɗinsa, kai ne za ka tsaya gaban alƙali da iyali da garke. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, lokacin da mutane suka karyar da dukiyarsu suka bar ƙasar a cikin 'yan makonni. Takardar da aka gina kan ƙarya ba za ta tsare kowa ba idan irin wannan rana ta dawo.

Shawarata ita ce ka rubuta abin da ka tabbatar, inda ka manta rana ka faɗi wata ko lokacin shekara, ka ce kimantawa ka yi. Sa'an nan ka tara duk abin da ke nuna inda kake: rasiɗin kuɗin shanu na majalisar gunduma, takardar allurar rigakafi daga likitan dabbobi, rasiɗin kara na Kumasi ko Ashaiman, katin asibiti, takardun makarantar yara, da wasiƙar sarkin da ya ba ka masauki. Falken da ke saro shanu a Putenga ya shigo ta Paga ya adana tsohon fasfo ko da ya cika. Wanda ya taɓa karɓar takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙungiyar ECOWAS ta kafa a 1998, ya riƙe ta da kyau, domin tana ɗauke da yawan garke da allura da hanyar da aka bi. Fitar Burkina da Mali da Nijar daga ƙungiyar a 2025 ba ta goge kwanan watan da ke jikinta ba. A shekarar da za ka nema kuwa, ka zauna a ruga, yara ko ɗan kiwo su tafi da shanu.

Ga hukuma kuma muna da kira. Ma'aikatar Cikin Gida ta san fom ɗin da ya dace da mai hawa jirgi bai dace da mai bin saniya ba. Gwamnatin da ta karɓi kuɗin shanunmu shekara da shekaru ta ba mu rasiɗi, ya kamata ta yarda da wannan rasiɗi a matsayin shaidar zama. A bayyana irin shaidun da za a karɓa, a fassara su da Hausa da Fulfulde, domin duhun kai shi ne abincin 'yan tsakani.

Ardo-ardo da sarakunan Fulani, ku ma da naku aikin. Kowace ruga ta sayi littafi guda, a riƙa rubuta ranar tashi da ranar dawowa da inda aka je, ko da boko ko da ajami. Jikokinmu za su gode mana.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya sa mu dace, amin.