Mai Rabon Faɗan Da Ke Riƙe Hannun Wanda Ake Duka

Wani zai ce mene ne haɗin mujallar adabi da maganar igwa da tankar yaƙi. To, bari mu ba shi amsa da labarin littattafai. A watan Mayu na 1992, sojojin Sabiyawan Bosniya da suka yi wa birnin Sarayebo ƙawanya suka harba wa Cibiyar Nazarin Gabas wuta, rubuce-rubucen hannu sama da 5,000 na Larabci da Farisanci da Turkanci, har da na harshen Bosniya da aka rubuta da ajami kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa, duk suka zama toka. A watan Agusta na shekarar aka ƙone babban ɗakin karatu na ƙasa, littattafai fiye da miliyan ɗaya suka bi iska. A lokacin kuwa ƙungiyar ƙawancen soja mafi ƙarfi a duniya, wato NATO, tana da sansanin jiragen yaƙi a Italiya, tsallaken teku kawai. Saboda haka duk mai riƙe da alƙalami yana da ta cewa a kan abin da ya kamata irin wannan ƙungiya ta yi idan wata ƙasa ta far wa wata.

A unguwanninmu mun san wani irin mai rabon faɗa. Zai tarar ƙato ya danne yaro yana jibga, sai ya ruga ya rungume yaron ta baya, ya riƙe masa hannuwa, yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ƙaton kuwa ya samu sarari ya ci gaba da kirɓa. In an tashi, mai rabon ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai bai goyi bayan kowa ba. Mu a ganinmu wannan mutum ya fi kowa ɗaukar ɓangare, kuma irin rabon faɗansa manyan ƙasashe suka sha yi.

Mu fara daga gida Afirka. A watan Oktoba na 1935 Italiya ta Musolini ta mamaye Habasha, alhali dukkansu biyu suna cikin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. Tun kafin a fara harbi Ingila da Faransa suka hana sayar wa ɓangarorin biyu makamai. Italiya tana ƙera jiragenta da bindigoginta a gida, Habasha kuwa sai ta saya, to wa aka ɗaure ke nan? Da aka zo sa wa Italiya takunkumi, sai aka bar man fetur a waje, aka kuma bar mata mashigin Suwez a buɗe tana wucewa da dakaru. Ta yi amfani da iskar guba, ta shiga Addis Ababa a watan Mayu na 1936. Sarki Haile Selassie ya je Janiba ya yi musu kashedi, suka saurare shi, suka ɗage takunkumin. Shekara uku bayan nan wutar da suka ƙi kashewa ta kama gidajensu.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai aka maimaita. A watan Satumba na 1991 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 713, ya hana shigar da makamai duk faɗin Yugoslabiya. Rumbunan makaman tsohuwar rundunar ƙasar suna hannun Sabiyawa, gwamnatin Bosniya kuwa ta fito duniya a 1992 kusan hannu biyu. Aka bar takunkumin a kanta, aka aika mata da gari da barguna. A 1993 aka ayyana garin Srebrenica a matsayin tudun mun tsira, daga baya aka ajiye 'yan tsirarun sojojin Holan su tsare shi. A watan Yuli na 1995 dakarun Janar Ratko Mladic suka shiga garin, suka ware maza da samari Musulmi sama da 8,000 suka hallaka su cikin 'yan kwanaki. Sai a ranar 30 ga Agusta, 1995, bayan an sake jefa bam a kasuwar Sarayebo, NATO ta fara luguden wuta na gaske. Cikin kimanin mako uku, ga kuma sojojin Bosniya da na Kuroshiya suna matsa lamba ta ƙasa, Sabiyawa suka janye manyan bindigoginsu. A watan Nuwamba aka cimma yarjejeniya a Dayton. Mutum kusan 100,000 suka mutu a yaƙin. Tambayar da ba mu ji wanda ya amsa ba ita ce: abin da aka iya yi cikin mako uku a 1995, me ya hana a yi shi a 1992?

Wanda ya karanta waɗannan labarai biyu ba zai yi mamakin abin da ya samu Yukren ba. A watan Disamba na 1994, a birnin Budapest, Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. A taron Bukares na watan Afrilu na 2008, NATO ta sanar cewa Yukren da Jojiya za su zama 'ya'yanta, amma ba ta sa rana ba, ba ta kuma ba su kariya ba. Wannan shi ne a nuna wa kura akuya sannan a bar ta ɗaure a bakin daji. A watan Agusta na shekarar Rasha ta shiga Jojiya. A 2014 ta haɗiye yankin Kirimiya. A ranar 24 ga Fabrairu, 2022, ta tura tankokinta suka nufi Kiyef, babban birnin ƙasar, ta kuma haramta wa mutanenta su kira abin da sunan yaƙi, sai dai wai aikin soja na musamman.

Ba za mu yi wa ƙasashen NATO ƙarya ba, sun ba da taimako mai yawa, kuma ba don shi ba da labarin ya sha bamban. Laifinsu shi ne yadda suka ba da shi, ɗigo-ɗigo, kamar mai shayar da majinyaci da tsinke. A watan Janairu na 2022, Rasha ta gama jibge dakaru a kan iyaka, Jamus ta yi tayin hulunan kwano 5,000. Tankokin Leopard da aka ce ba zai yiwu a bayar ba, an amince da su a Janairun 2023. Jiragen F-16 da aka ce za su jawo yaƙin duniya, an yarda da su a 2023, suka isa a 2024. Majalisar dokokin Amurka ta yi watanni tana zaune a kan tallafin dala biliyan 61 har zuwa Afrilun 2024, a tsakanin nan harsasan igwa suka yi wa 'yan Yukren ƙaranci, garin Avdiivka ya faɗi a watan Fabrairu. Kowane makami sai an ce a'a, a yi ta taro, sannan a ce to, bayan maharin ya samu lokaci ya haƙa ramuka ya binne nakiyoyi. Ihu bayan hari ke nan. Taimakon da ya isa ya hana mutum mutuwa amma bai isa ya tashe shi tsaye ba, tsawaita jinya yake yi, kuma kuɗin jinyar da rayukan samari ake biyansa, na Yukren da na Rasha baki ɗaya.

Yanzu bari mu juyo ga namu, domin a nan gizo ke saƙar. Mun sha zama a majalisu inda ake tafa wa Rasha, har a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 aka ga matasa suna ɗaga tutarta a titunan Kano da Kaduna. In ka tambaya sai a ce maka ai NATO ce ta rusa Libiya. Wannan gaskiya ce, kuma ba mu manta ba. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare fararen hula da ƙuduri mai lamba 1973, Nijeriya ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. NATO ta karɓi izinin kare rai ta mayar da shi izinin kifar da gwamnati, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, aka watse aka bar rumbunan makamai a buɗe. A 2012 arewacin Mali ya kama da wuta, tartsatsin kuma ya iso har ƙofar gidajenmu. Haka nan Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi a 2003 bisa zargin makaman da ba a taɓa samu ba. Haka nan ƙasashen da ke kuka da mamayar Yukren suka yi shekaru suna kawar da kai daga mamayar ƙasar Falasɗinawa tun 1967. Laifi tudu ne, sun taka nasu suna hango na wani.

Amma, jama'a, mu yi wa kanmu adalci. In ɗan kasuwa yana auna wa wasu da cikakken mudu, wasu kuma da mudu mai lotsattsen gindi, abin yi shi ne a tilasta masa mudu ɗaya, ba a fasa mudun a ce kowa ya ɗiba da ƙarfinsa ba. Ranar da aka koma ɗiba da ƙarfi, mu ne za mu tashi da hannu wofi. Manomin alkama na Yukren ba shi ya jefa bam a Sirte ba. Iyakokin Afirka Turawa ne suka zana su da abin ja layi, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Daura da Damagaram, amma duk da haka shugabanninmu suka taru a Alƙahira a 1964 suka amince a bar iyakokin yadda aka gada, don sun san abin da zai biyo baya in aka ce kowa ya bi danginsa da bindiga. Hujjar da Rasha ta kafa, cewa akwai masu jin harshenta a tsallaken iyaka kuma ƙasar da can tata ce, in aka karɓe ta babu ƙasar Afirka da za ta yi barci. Nijeriya da kanta ta miƙa wa Kamaru Bakasi a 2008 bisa hukuncin Kotun Duniya na 2002, alhali ta fi Kamaru soja da kuɗi. An ji zafi, amma an haɗiye. Da aka kaɗa ƙuri'a a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris, 2022, ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar, cikinsu har da Nijeriya da Nijar da Gana, biyar kacal suka ƙi.

Wasu kuma suna cewa NATO ce ta tsokano, ta yi ta matsowa gabas. Ko da mun yarda an yi ganganci a Bukares, sai mu tambaya: wa ya ja ƙasashen nan da igiya? Folan da ƙasashen Baltik sun ɗanɗani zama ƙarƙashin Mosko, su suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Finlan da Suwidin da suka daɗe suna 'yan ba-ruwanmu, ganin abin da ya samu Yukren ya sa suka shiga, ɗaya a 2023, ɗaya a 2024. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

To me muke so ƙungiyar ƙawance ta yi? Ba mu ce ta tura sojojinta su gwabza da ƙasa mai makaman nukiliya ba. Wannan tsoro ne mai tushe, kuma sashe na 5 na yarjejeniyar NATO ta 1949 'ya'yanta kawai ya rufe. Sai dai sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba duk wanda aka kai wa hari 'yancin kare kansa, ya kuma halatta wa wasu su taya shi. Saboda haka, da farko, ta faɗi sunan maharin ƙarara tun ranar farko, ta daina kiran mamaya da sunan rikici. Na biyu, kada ta yi alkawarin da ba za ta cika ba, in kuwa ta yi to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na uku, ta ba wanda aka zalunta abin kare kansa da wuri kuma a wadace, musamman abin kakkaɓo makamai masu linzami da ke faɗa wa asibitoci da tashoshin lantarki. Na huɗu, kada a raba ƙasar mutum ba ya wurin. A Munik a 1938 aka yanka wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya, masu ƙasar suna waje suna jira, bai cika wata shida ba ya haɗiye sauran. Sulhu alheri ne, kowane yaƙi kuma a kan tabarma yake ƙarewa, amma sulhun da ya bar wa ɓarawo kayan sata ba tare da wani shinge ba hutun wasa wuƙa ne.

Na biyar, wanda masu ƙarfi suka fi mantawa, ta san inda za ta tsaya. Da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a watan Agustan 1990, taron dangin ƙasashe, har da sojojin Nijar da Senegal da aka tura Saudiyya, sun samu izinin Kwamitin Sulhu, aka fitar da ita a Fabrairun 1991, aka tsaya ba a wuce Bagadaza ba. A Libiya kuwa aka zarce, ga shi har yanzu muna ɗibar tsaba. Aikin mai rabon faɗa ya janye ƙaton daga kan yaro. In ya bi shi gida ya rusa masa ɗaki, shi ma ya zama wani ƙaton.

Mu marubuta ba mu da igwa. Abin da ke hannunmu shi ne kalma, kuma duk mamaya da gurɓata kalma take farawa: yaƙi ya zama aiki na musamman, kisan kiyashi ya zama tsaftace yanki, ruwan bama-bamai ya zama kare fararen hula. Kada ƙiyayyar wani azzalumi ta sa mu zama maroƙan wani azzalumin. Wanda ya yi kuka don Sarayebo da Bagadaza da Gaza, idonsa bai kamata ya bushe ba in an ambaci Mariupol da Bucha. Allah Ya kiyashe mu da zalunci, da kuma taya azzalumi da baki ko da alƙalami. Amin.